Tagwayena sun rabu tun da suka shiga lakwal: halitta ce ko tarbiyya?

Tambaya, daga wata uwa a unguwar Garkawa ta birnin Tawa: "Ina da tagwaye, mace da namiji, shekarunsu 6. Tun suna rarrafe ba su rabuwa, amma tun da suka shiga ajin farko a watan Oktoba, namijin ya ƙi tafiya lakwal, wato makarantar boko, tare da ƴar'uwarsa, yana cewa shi ba ya wasa da mata, ita kuma ta yi sanyi, ta maƙale a gindina. Mahaifinsu yana Abijan wajen biɗa. Uwar mijina ta ce haka Allah ya halicci namiji, in ƙyale shi. Shin halitta ce, ko wani kuskure na yi? In sa baki ko in zuba ido?"

Amsa:

Uwar tagwaye, Allah ya raya miki su, ya sa albarka a biɗar mahaifinsu. A matsayina na mai koyar da ilimin tasowar yara ga masu shirin aikin malanta, zan gaya miki kai tsaye cewa ba wani kuskurenki ne ya jawo wannan ba, kuma surukarki tana da gaskiya a rabin maganarta. Rabuwar yara maza da mata a wajen wasa tana cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatarwa game da ƙuruciya, domin an same ta a birane da ƙauyuka, a Afirka da Asiya da Turai da Amurka. Inda na saɓa da ita shi ne wajen cewa a ƙyale shi gaba ɗaya, saboda maganar da ɗanki ya yi tana ɗauke da abu biyu waɗanda suke tafiya tare a waɗannan shekaru har a ɗauka abu ɗaya ne. Akwai fifita wasa da ƴan'uwansa maza, wanda yake zuwa ko ba a koya masa ba, akwai kuma ganin cewa mace ba ta kai a jera da ita a hanya ba, wanda shi koyonsa ake yi, kuma galibi a gida da unguwa ake koyonsa.

Yaro yakan iya faɗin ko shi namiji ne ko mace tun yana ɗan shekara 2 zuwa 3, sai dai a lokacin bai gane cewa abin ba ya canzawa ba, shi ya sa yarinya ƴar shekara 3 take iya cewa in ta girma za ta zama baba, ko ta ɗauka cewa yaron da aka ɗaura wa kallabi ya koma mace. Masanin nan na Amurka, Lawrence Kohlberg, ya bayyana tun a 1966 cewa sai wajen shekara 5 zuwa 7 wannan fahimta take zaunawa. A wannan tsakanin ne kuma yara suke riƙe dokokin "na maza" da "na mata" da tsananin da ko kakanninsu ba su kai ba, domin sabon abu ne suka gano game da kansu, suna kuma tsoron kada a kama su da kuskure a cikinsa. Eleanor Maccoby da Carol Jacklin na jami'ar Stanford sun bi wasu yara shekara da shekaru suna lura da waɗanda suke wasa da su, suka fitar da sakamakon a 1987: a shekara 4 da rabi, lokacin da yaro yake yi da ƴan jinsinsa ya ninka wanda yake yi da ɗaya jinsin sau 3, a shekara 6 da rabi kuwa ya ninka sau 11. Tagwayenki suna daidai tsakiyar wannan hawan. Tsaurin tunanin yakan fara sassautawa daga shekara 7 zuwa 8, ko da yake wasan yakan ci gaba a rabe har zuwa balaga.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fito fili da shigarsu lakwal. A tsakar gida abokan wasa kaɗan ne, shekarunsu kuma sun bambanta, don haka yaro yana wasa da wanda ya samu. A filin makaranta kuwa yana samun tarin sa'o'insa da zai zaɓa daga cikinsu, kuma duk abin da ya yi akwai idanu a kansa. Barrie Thorne, wadda ta daɗe tana zama cikin yara a wasu makarantun firamare biyu na Amurka, ta lura cewa yaro da yarinya da suke wasa tare a unguwa sukan yi kamar ba su san juna ba da zarar sun shiga makaranta, don gudun tsokana. Mu ma mun san irin tamu tsokanar: yaron da aka gani riƙe da hannun mace za a ce masa na mata, yarinyar da ta shiga cikin maza kuma a rera mata mai wasa da maza karya. Saboda haka ki lura da su bayan magariba, lokacin da babu yaran maƙwabta. Idan har yanzu suna raba tuwo, suna faɗa suna shiryawa, suna ƙus-ƙus a kan tabarma kafin barci, to zumuncinsu yana nan, mutuncinsa kawai yake karewa a gaban abokai. Malamai ma suna da hannu a cikin wannan, ko da ba su sani ba. A wani gwaji da Lacey Hilliard da Lynn Liben suka wallafa a 2010, an sa malaman wasu azuzuwan ƙananan yara su riƙa jera yara layin maza da layin mata, suna kuma yawan kiran su da "maza" da "mata", kuma cikin mako 2 kacal yaran suka ƙara tsauri a ra'ayinsu, suka rage wasa da ɗaya jinsin. Duk wanda ya saba shiga azuzuwanmu ya san yadda ake miƙa tsintsiya ga ƴan mata, a ba namiji tsaron aji in malam zai fita.

Game da halitta, tana da nata kason, kuma bai kamata a musanta shi ba. Idan aka ɗauki yara a jimlace, maza sun fi son wasan ture-ture da guje-guje da kokowa, abin da ake gani har a cikin ƴaƴan birai, kuma yana da alaƙa da androjin, wato sinadarin da yake gina siffofin namiji a jiki, wanda jariri yake samu tun yana ciki. Akwai wata cutar gado da take sa jikin ɗiya mace ya samar da wannan sinadari fiye da ƙima kafin a haife ta, kuma Sheri Berenbaum da Melissa Hines sun nuna a 1992 cewa irin waɗannan ƴan mata sun fi sauran karkata ga kayan wasan maza. Jacklin da Maccoby kuma sun taɓa haɗa yara ƴan wata 33 bibbiyu a ɗaki, suka ga cewa idan yarinya ta ce wa yaro ya bari, yawanci ba ya bari, alhali idan da wata yarinya aka haɗa ta takan saurara, don haka ita yarinyar sai ta ja gefe ta tsaya kallo. Ke nan ba maza kaɗai suke gudun mata ba, su ma matan suna janyewa daga wasan da maganarsu ba ta da tasiri a cikinsa. Sai dai kason halitta bai kai girman da muke ba shi ba. Janet Hyde ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 a 2005, ta sami cewa kashi 78 cikin 100 na bambance-bambancen hali da basira da aka auna tsakanin maza da mata ƙanana ne ko kuma kusan babu su. Tazarar da ke tsakanin yaro mai sanyi da yaro mai rawar kai ta fi wadda ke tsakanin matsakaicin yaro da matsakaiciyar yarinya.

Abin da yake faɗaɗa wannan ƙaramin bambanci shi ne shekarun da kowane ɓangare yake yi a cikin nasa taron. Carol Martin da Richard Fabes sun bi yara ƙanana na tsawon watanni, suka ba da rahoto a 2001 cewa gwargwadon yawan wasan yaro da maza zalla a farkon shekarar karatu, gwargwadon yadda ya ƙara tsanani da ƙarfin wasa a ƙarshenta, yarinya kuma gwargwadon zamanta cikin mata zalla, gwargwadon yadda ta ƙara natsuwa da wasa kusa da manya. Dubi wasanninmu. Maza suna fita da yawa, su yi langa, su buga ƙwallo, su zana fili a rairayi su kama kokowa suna kwaikwayon manyan ƴan kokowa masu gasar takobin ƙasa, kuma a nan suke koyon bin doka, da jure kaye, da shiryawa bayan faɗa ba tare da dogon zance ba. Abin da ba su koya a nan shi ne faɗin damuwa, domin wanda ya yi kuka ya zama abin dariya. Mata sukan zauna bibbiyu ko uku-uku, su yi carafke da ƴar tsana da tuwon ƙasa, su haɗu a gaɗa, kuma a nan suke koyon sauraro da riƙon sirri da lallashi da ƙawancen da wani lokaci yake kaiwa har tsufa. Su ma suna da nasu ciwon, wato gaba da ware mutum da yaɗa magana, irin cutarwar da Nicki Crick da Jennifer Grotpeter suka yi nazari a kanta a 1995, ko da yake binciken da ya biyo baya ya nuna cewa maza ma suna yin ta kusan daidai da mata. Kowane taro yana ba yaro rabin abin da zai buƙata in ya girma, kuma ɗan da ya tashi da tagwaniya mace yana da hanyar samun ɗaya rabin a cikin gidansu, abin da yara da yawa ba su da shi. Wannan ne ya sa nake ganin asara ce a bar zumuncin ya mutu.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi zama a hannunki, wanda kuma na fi so ki tsaya a kansa, wato rabon aiki da rabon fili. Beatrice da John Whiting sun jagoranci nazarin yara a al'ummomi 6, a Kenya da Indiya da Meziko da Filifin da Okinawa ta Japan da Amurka, kuma abin da ya fito shi ne a mafi yawansu ana ɗora wa mata raino da aikin gida tun da wuri, a tsare su kusa da uwa, maza kuma a bar su su yi nisa. Tambayar da ta rage ita ce ko mata sun fi tausayi ne shi ya sa ake ba su raino, ko rainon ne yake koya musu tausayin. Carol Ember ta sami amsa mai ƙarfi a cikin ƙabilar Luo ta yammacin Kenya, ta wallafa ta a 1973. A gidajen da babu ɗiya mace da ta isa aiki, dole aka riƙa sa yara maza goyo da girki da ɗiban ruwa, sai ga shi waɗannan yaran sun fi sauran maza ƙarancin faɗa da son danne wasu. Ba a zaɓe su don sanyin halinsu ba, rashin ƴar'uwa mace ne ya kai su ga aikin, aikin kuma ya gyara halin. A ƙasar Hausa ma, Enid Schildkrout ta yi nazarin yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ƙaramin yaro yake shiga ko'ina, cikin mata da cikin maza, yana kai saƙo, sannan yayin da yake girma ƙofofin cikin gida suke rufe masa, ita kuma yarinya ana ɗora mata talla da shirin kayan ɗaki. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta a 2016 cewa ƴan mata masu shekara 5 zuwa 14 a duniya suna ɓatar da lokacin da ya zarce na maza da kashi 40 cikin 100 a aikin gida. Duk sa'ar da yarinya ta yi tana wanke-wanke yayin da ɗan'uwanta yake fili, sa'a ce da aka cire daga wasa da ƙulla ƙawance da bitar karatu, kuma shi ma yana kallo yana koyon wane ne ake yi wa hidima.

A nan Adar, wato yankinmu na Tawa, akwai wani abu da yake ƙara wa wannan nauyi. Gidaje da yawa mazansu suna Abijan ko Nijeriya ko Libiya, kuma cikin so da wasa sai a fara kiran ɗan shekara 6 mai gida, a ajiye masa tsokar da ta fi girma, a ce wa ƴar'uwarsa ta kawo masa ruwa, in ya yi mata tsawa a yi dariya a ce namiji ya tashi. Babu mai nufin sharri da wannan, kuma na san kakanni suna yin sa ne don kewar ɗansu da yake nesa. Amma yaron da yake neman sanin mene ne zama namiji, alhali babu uba a kusa da zai kwaikwaya, yakan ɗauki amsa mafi sauƙi, wato namiji shi ne wanda ba ya yin abin da mata suke yi kuma yake ba su umurni. Ki saurari gidanki na ƴan kwanaki da wannan kunnen. Idan kika ji haka, daga nan rainin yake tsirowa, lakwal ta ba shi fili ne kawai.

Wajen tattaunawa da surukarki, addini yana tare da ke, kuma shi ne harshen da zai fi saukar mata da zuciya. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce a umurci yara da salla a shekara 7, ya kuma ambaci raba musu shimfiɗa a shekara 10, don haka kunya da iyaka tsakanin ɗa da ɗiya suna da lokacinsu da tsarinsu, ba mu da gardama a kansu. Amma da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, kamar yadda Buhari ya kawo. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan ya ce shi yana da ƴaƴa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir kuma ya yi umurni da adalci tsakanin ƴaƴa. Babu inda aka koyar da cewa mazantaka ita ce raina ƴar'uwa.

A aikace, ban ba ki shawarar ki tilasta masa jerawa da ita har bakin aji ba, domin hakan zai ƙara masa tsokana, ya kuma huce a kanta. Ki bar shi ya tafi da abokansa, amma ki kafa doka ɗaya wadda ba ta da sassauci: yana da damar zaɓen abokin wasa, ba shi da damar zagi ko kora ko duka, kuma idan ya ce mata ba su iya kaza ba, ki tambaye shi cikin natsuwa wa ya gaya masa, ki kawo masa misalin malamarsa ko likitar da ta duba shi. Aikin gida ki raba shi da rana maimakon jinsi, yau shi ne mai shara ita ce mai zuwa aike, gobe su yi musanya. Idan mahaifinsu ya kira a salula, ki roƙe shi ya tambayi kowannensu karatunsa daidai wa daida, ya kuma gaya wa ɗansa da bakinsa cewa yana jin daɗi in ya ji ya taimaki uwarsa, domin kalma ɗaya daga uban da ake kewa tana da nauyin da taki ba ta da shi a wannan batu. Kawu ko baffa mai sauƙin hali da zai riƙa jan yaron a jiki shi ma zai cike giɓi mai yawa.

Ita ɗiyar taki ce ma ta fi buƙatar kulawarki a yanzu, ko da yake shi ne ya fi yin ƙara. Shi ya bar ta ya sami taro, ita kuwa an bar ta ba ta riga ta sami kowa ba, domin yaron da ya tashi da tagwai sau da yawa bai saba neman aboki ba, tun da an haife shi da nasa. Ki tambayi malamarsu wace yarinya take zama kusa da ita, ki gayyato ta gida, ki ba su wuri da lokacin da babu aike a cikinsa. Ƙawa ɗaya ta gaskiya ta isa ta sauya mata makaranta. Ki kuma kula da yadda ake yabon ta. Lin Bian da abokan aikinta sun nuna a 2017 cewa yara ƴan shekara 5, maza da mata, kowa yana danganta kaifin basira ga jinsinsa, amma daga shekara 6 ƴan mata sun fara raguwa a wannan, suna kuma kauce wa wasan da aka ce na masu basira ƙwarai ne. Idan ta ci lissafi, ki ce mata ta iya lissafi, kada yabon ya tsaya ga cewa tana da ladabi.

Ina jaddada wannan tun suna ajin farko saboda abin da yake jiransu a gaba. Binciken da jami'ar Johns Hopkins da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2017 a kan yara ƴan shekara 10 zuwa 14 a ƙasashe 15, har da Burkina Faso da Nijeriya, ya sami abu iri ɗaya kusan ko'ina: da balaga ta gabato sai a ƙuntata wa yarinya fita da mu'amala, yaro kuma a sake shi, tare da matsa masa ya nuna ƙarfi da rashin tsoro. A Nijar, binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin 15, kuma a watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ɗiya mace da take cikin karatu. Ranar da za a zauna a gidanku a yi shawarar ko ta wuce kwaleji, ɗan'uwanta zai kasance saurayi mai baki a cikin dangi, kuma abin da zai faɗa zai dogara da yadda ya saba kallon ta. Shi ma zaman fada, wato majalisar samari masu shan shayi, da tunanin tafiya biɗa suna jiransa, kuma saurayin da ya saba faɗin damuwarsa ga wani a gida ya fi samun mafita lokacin da abokai suka ja shi ga abin da bai dace ba.

Sanyin da ta yi ya kamata ya fara wucewa cikin ƴan makonni idan ta sami ƙawa. Idan kuwa ya zarce, ta rage cin abinci, ko ta koma fitsarin kwance bayan ta daina, ko kullum da safe ta ce cikinta yana ciwo amma ranar Asabar da Lahadi lafiyarta ƙalau, to ki je ki ga malamarsu ki bincika ko ana dukanta ko ana ware ta a aji, sannan ki kai ta likita ya duba ta. Haka nan idan ɗan'uwan ya wuce magana ya fara kai mata hannu a kai a kai, ki bincika ko shi ma manyan yara suna cin zalinsa a hanya, domin yaron da ake dannewa a waje yakan dawo ya danne wanda ya fi shi rauni a gida.